Baba ya samo mini aikin sito, ni kuma kamfanin nazarin bayanai nake son buɗewa

Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 25 a Kano. Ilimin ƙididdiga na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa wata bakwai ke nan. Ina bautar ƙasa na shiga shirin horarwa na gwamnati mai suna 3MTT na koyi SQL da Power BI, ga Excel da SPSS da na iya tun a makaranta, duk kayan aikin nazarin bayanai ne a kwamfuta. Burina in riƙa karɓar bayanan kamfanoni da ƙungiyoyi ina nazarinsu ina ba su shawara, su biya ni. Wani abokina da muka yi karatu tare ya ce mu yi rajistar kamfani mu kama ofis. Mama ta ce za ta ba ni kwasar adashinta, naira 800,000, amma kada Baba ya ji. Shi kuwa Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya samo mini aikin rubuta shiga da fitar kaya a wani kamfanin casar shinkafa, albashi naira 110,000. Ya ce abin da nake kira sana'a zaman gida ne da kwamfuta a cinya. Aiki ɗaya na taɓa samu, na wani Alhaji abokin kawuna mai sarin kayan masarufi. Mako uku na yi ina haɗa masa lissafin shagonsa, ya yaba, ya sa mini albarka, bai ba ni ko sisi ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Abin da ke kawo mini ɗan kuɗi yanzu shi ne ɗaliban da nake yi wa babi na huɗu, wato babin nazarin bayanai a kundin bincikensu na kammala karatu. Ina ganin in na karɓi aikin sito na binne karatuna, in na ƙi kuma na saɓa wa Baba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Daga wani mai neman mafita, Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Tunda wa'adi gare ka ba zan ja ka da nisa ba: ka karɓi aikin nan. Burinka mai kyau ne, sana'a ce ta gaske da mutane ke riƙe gida da ita, kuma a yadda na karanta wasiƙarka, hanyarka mafi kusa zuwa gare ta ta cikin siton nan ta bi. Na san ba amsar da zuciyarka ke so ba ce, don haka ka ba ni aron hankalinka in faɗa maka dalili.

Ka yi tunanin abin da mai kamfani ke saya idan ya ɗauko mai ba da shawara. Iya Power BI kaɗai ba ya sa shi fito da kuɗi, domin masu iyawa ƙaruwa suke yi kullum. Shirin 3MTT da ka shiga, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, burinsa horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, nazarin bayanai na daga ciki. Abin da mai kamfani ke biya shi ne wani ya duba littattafansa ya ce masa, "Alhaji, ga ta inda kuɗinka ke zurarewa," kuma in an bincika a tarar haka ne. Kafin ya buɗe maka littattafan ma sai ya amince da kai, domin a cikinsu akwai ribarsa, da bashin da yake bi, da wanda ake bin sa, abubuwan da wani lokaci ko 'ya'yansa ba su sani ba. Sanin harka da amincewar mutane su ne jarin wannan sana'a, kuma su ne ba ka tara ba tukuna. Ba laifinka ba ne, shekarunka ne ba su kai ba.

Yanzu zo mu leƙa kamfanin casar da kake gudu. Mota ta shigo da shanshera daga Kura ko Haɗeja ko Kebbi, ta hau sikeli, an rubuta nauyi. An gwada danshi. In danshin ya yi yawa, kamfani ruwa ya saya da kuɗin shinkafa. Kafin ta shiga injin casa ana son danshinta ya tsaya kusan kashi 14 cikin 100, in ta bushe fiye da kima sai ta yi ta karyewa. Ɓuntu kaɗai yakan kwashe kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, ga dusa, ga tsakuwa, ga karyayya da ake sayarwa da arha. Kowace mota ta shigo da tambayoyinta take zuwa. Tan nawa ya shiga, buhu nawa na tsaba ya fito? Kayan wane dillali ne ke auki, na wa ne kullum ke zuwa da ƙasa? Ranar da babu wuta, lita nawa na dizal aka ƙona a kan kowane tan? A wurare da yawa amsoshin a warwatse suke, wani a littafin mai gadi a bakin ƙofa, wani a takardar sikeli, wani a kan manaja kawai. Kujerar da Baba ya samo maka ita ce wadda takardun nan ke bi ta kanta. Wanda ya karanta ƙididdiga ya zauna a wurin, da wuya ya rasa abin nazari.

A nan ne kuma za ka koyi abin da kwas ba ya koyarwa. Bayanan da ake ba ku a aji an riga an tsaftace su. Na wurin aiki kuwa za ka tarar da dillali ɗaya an rubuta sunansa iri uku, yau da Alhaji a gaba, gobe a taƙaice, jibi da laƙabinsa na kasuwa, kwamfuta kuma mutum uku take gani. Wani ya rubuta da kilo, wani da buhu, buhun ma wani na kilo 100 ne wani na 50. Aka rubuta 3/4 ana nufin 3 ga Afrilu, Excel ɗin da aka saita da tsarin Amurka ya karanta 4 ga Maris, lissafin wata biyu ya cakuɗe ba ka sani ba. Yawancin gumin mai nazarin bayanai a irin wannan gyara yake tafiya, kuma gara ka koye shi ana biyan ka albashi da ka koye shi a kan aikin wanda ka riga ka karɓi kuɗinsa.

In ka fara, watannin farko ka yi aikin da aka ɗauke ka shi, ka zo a kan lokaci, ka girmama waɗanda ka tarar ko da ba su yi karatunka ba. Mai sikeli ya san abubuwan da ba sa cikin kowane littafi. Sannu a hankali ka tattara shiga da fita a jadawali ɗaya, ƙarshen wata ka kai wa manaja shafi guda, ba fiye ba: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga aukin kayan kowane dillali. Ina ja maka kunne a kan abu ɗaya. Wata rana alƙaluma za su nuna giɓi tsakanin sikeli da sito. Kada ka kama sunan kowa, kada ka yi maganar a cikin mutane. Giɓi kan zama sata, yakan kuma zama bushewar danshi ko kuskuren rubutu. Ka kai wa na gaba da kai daga kai sai shi, ka ce ga abin da lissafi ya nuna, ka bar masa binciken. Masu ba da shawara da yawa a wannan gaɓar suke ɓata rawarsu da tsalle.

Maganar Baba ta yi zafi, na sani, kuma ba daidai ba ne a kira ƙoƙarinka zaman gida. Amma dubi abin da idonsa ke gani. Mutum ne da albashin ƙarshen wata ya ciyar da ku ya biya kuɗin makarantarku, ga ɗansa wata bakwai a ɗaki, aikin da ya yi ɗaya ba a biya shi ba. Tsoro ne ke magana a bakinsa. Ka kuma tuna kafin aikin nan ya samu sai da ya taka ya je ya roƙi wani, dattijo kuwa ba ya roƙo cikin sauƙi. Albashin bai taka kara ya karya ba a tsadar yau, ko da ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024, amma zai ɗauke maka kuɗin mota da na intanet, ya hana ka karɓar kowane irin aiki don yunwa.

Kuɗin Mama kuwa, ɗana, kada ka karɓa a yadda ta miƙo su. Dukiyarta ce, tana da ikon ba wanda ta so, kuma ƙauna ce ta sa ta. Ɓoyewar ce ba ta kwanta mini ba. Ranar da Baba ya ga ofis zai tambayi inda kuɗin suka fito. In harkar ba ta tafi ba, Mama ta yi asarar adashinta, ga kuma ɓacin ran maigida, kai ne kuma sanadi. Ofishin ma ba ka buƙatarsa yanzu. Wanda zai ba ka aiki ba ya zuwa ofishinka, kai ne za ka je shagonsa ko kamfaninsa, don can littattafan suke. Hayar shekara da kujeru da janareta za su lashe kuɗin nan kafin aiki na farko ya shigo. In laftof ɗinka ta gaji da gaske, ka ranci abin da zai sayi wata kawai, da sanin Baba, ka riƙa biyan ta daga albashi wata-wata.

Abokinka kada ka yar da shi. Ku gwada juna da ƙananan ayyuka a ƙarshen mako, ku ga waye ke cika alkawari, waye ya iya magana da mai shago, waye ya fi haƙurin gyaran bayanai. Tun aikin farko ku rubuta yadda za a raba kuɗi. Rajista ba ta gudu. Ta intanet ake yin ta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ranar da wani ya ce ba zai biya ba sai ta asusun kamfani da lambar haraji, ranar ce rajistar sunan kasuwanci ta zama dole.

Akwai abin da ya kamata kai da abokinka ku sani game da kasuwar kanta. Shekaru da dama ƙungiyoyin agaji ne manyan masu ba da irin wannan aiki a Arewa, musamman a sashen bibiya da tantance ayyuka. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ayyuka da yawa na lafiya da ilimi suka tsaya. Mutanen da suka shekara goma suna wannan aiki yanzu su ma ƙananan kwangiloli suke nema. Sabon kamfanin samari biyu da ba su da aikin nunawa zai sha wuya a gabansu. Inda kake da fifiko shi ne kasuwancin gida: masu kemis, makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, 'yan kasuwannin Singa da Kwari da Dawanau. Da yawansu yanzu ta Moniepoint ko OPay ake biyan su, tarihin cinikinsu na nan a ajiye ba mai duba shi. Kana jin yarensu, ka san yadda ake gaida su, ka san me ake nufi da kwali da dozin da tiya. Wanda ya zo daga nesa sai ya koyi wannan.

Mu dawo kan Alhajin da bai biya ka ba. Bai kyauta ba, mako uku ba wasa ba ne, kuma ɗan kasuwa ya san aiki da lada suke tafiya. Sai dai kai ma ba ka yanka farashi ba, mai yiwuwa ya ɗauka ɗan abokinsa ne ke gwada hannu. Kada ka tura kawu ya karɓo maka, zumuncinsu ya fi kuɗin. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka tambaye shi ko abin da ka haɗa yana yi masa amfani. In ya ce yana yi, sai ka ce masa yanzu ka mai da abin sana'a, za ka iya zuwa duk ƙarshen wata ka sabunta masa a kan kaza, kana kuma roƙon ya haɗa ka da maƙwabtansa biyu a kasuwa. Ko bai ɗauke ka ba, kalmarsa ɗaya a wurin ɗan'uwansa ɗan kasuwa za ta iya fanshe makonnin nan.

Daga yau kuma kada ka buɗe kwamfuta a kan aikin kowa sai kun rubuta shafi ɗaya: tambayar da za ka amsa, abin da za ka miƙa, ranar miƙawa, farashi, da sau nawa za ka yi gyara kafin a sake sabon ciniki. Ka karɓi rabi kafin alƙalami. Wajen yanka farashi ka ƙirga kwanakin da aikin zai ci da gaske, ka sa wa yininka kuɗi, ka ɗora na mota da na intanet da na caji. Ka kuma rage girman abin da kake ɗauka. "Haɗa lissafin shago" ba shi da ƙarshe, shi ya sa ya ci maka mako uku. Ka je wa mai kemis da tambaya guda: waɗanne magunguna ne za su lalace nan da wata uku, waɗanne ne ke yankewa duk mako? Aikin kwana biyu ne ko uku, zai ga amfaninsa a aljihunsa, kuma shi da kansa zai kira ka a na gaba. Kunyar faɗin farashi tana raguwa in ka faɗe shi tun farko, kafin a saba.

Batun babi na huɗu ya tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye maka ba. In ɗalibi ya fita ya tattaro amsoshinsa na gaskiya, ka zauna da shi ka nuna masa yadda ake sa su a SPSS, ka fahimtar da shi sakamakon har ya iya kare shi a gaban malamansa, wannan koyarwa ce, ka ci halalinka. In kuwa ya ce ka cike masa takardun tambayoyi daga kanka, ko ka taɓa alƙaluma don sakamako ya fito yadda yake so, ka ƙi, komai kuɗin. Hannun da ya saba da wannan zai yi wuya ya ƙi ranar da wani babba ya ce a ƙara yawan waɗanda suka amfana a rahoto, ko a rage ciniki saboda haraji. Garin nan kuma ƙarami ne ga masu wannan sana'a, labari ba ya kwana.

Amanar bayanai ma yanzu doka ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta shafi sunayen mutane da lambobin wayarsu da bayanan lafiyarsu. Ka sa wa kwamfutarka kalmar sirri, kada ka riƙa yawo da jerin sunayen marasa lafiya ko ɗalibai a WhatsApp, in aiki bai buƙaci suna ba ka cire shi tun farko. Alƙaluman kamfanin da kake wa aiki ba naka ba ne, kada ka sa su cikin abin da kake nuna wa masu ba da aiki. Ka sanar da manajanka kana ɗan aikin gefe a ƙarshen mako, kuma kada ka taɓa yi wa wani kamfanin casa aiki muddin kana cin albashin wannan.

Abin nunawa za ka iya haɗa shi daga bayanan da kowa ke da ikon ɗauka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin kayan abinci wata-wata. Ka ɗauki shinkafa da wake, ka bi yadda farashinsu ya tafi, ka rubuta shafi biyu da Hausa da Turanci yadda ɗan kasuwa zai karanta ya gane. Ka nemi Arewa Data Science Academy, suna koyarwa kyauta, za ka kuma haɗu da 'yan'uwa masu irin burinka. Ka koyi KoboToolbox don tattara bayanai da waya. Bayan wannan ka dakata da tara satifiket haka nan, ka zaɓi fanni ɗaya ka nutsa. Tunda Allah ya kai ka harkar hatsi, ga Dawanau a kusa da kai, ba ƙaramar kasuwa ba ce.

Mai yiwuwa ne ka shekara a wurin ka ga ba mai sauraron shafinka na ƙarshen wata, ko a hana ka ganin komai sai ƙirgar buhu. In haka ta faru ba a ɗaure ka ba. Ka nemi aiki a ƙarƙashin kamfanin bincike ko na ba da shawara da ya riga ya kafu, inda za ka ga yadda manya ke rubuta takardar neman kwangila da yadda suke magana da mai aiki. Ka sa ido a kan hukumomin ƙididdiga na jihohi, Kano da Kaduna duk suna da su, da aikin tattara bayanai na wucin gadi idan za a yi babban bincike. Mai aiki a hannu ya fi samun wani aikin da sauƙi. Lokacin tsayawa da ƙafarka kuwa za ka gane shi: mutum uku ko huɗu suna dawowa suna biya ba tare da ka bi su ba, kuɗin gefe sun kamo albashi watanni a jere, kuma ka ajiye abin da zai riƙe ka wata shida ko aiki bai shigo ba.

Ka yi istihara, sannan ka fara da Mama. Ka gode mata, ka ce ta riƙe adashinta, za ka zo neman rance a fili in buƙata ta taso. Daga nan ka sami Baba lokacin da yake cikin natsuwa, kada ka jira ƙarshen wata. Ka ce masa, "Baba, na karɓi aikin, na gode da ɗawainiyar da aka yi. Ina neman izini in ci gaba da ɗaya harkar Asabar da Lahadi. Bayan shekara ɗaya zan kawo maka lissafin abin da ta kawo, mu duba tare." Tsohon ma'aikaci ne, ya san darajar takarda, don haka ka buɗe littafi tun daga aikin farko: wanda ya ba ka, abin da ka yi masa, nawa ya biya, da ranar da ya biya. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a abin da za ka fara.